Nisa Kaɗai Ya Isa a Gina Jometiri

Ga abin da ya faru a zaman jiya, inda wani yaro ya gabatar da aikinsa na jometiri, wato lissafin siffofi. Yaro ya shafe wata shida yana gina aikinsa a kan awon nisa tsakanin ɗigo da ɗigo, ya tsaya gaban allo alli na rawa a hannunsa, sai wani babba ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ɗana, ina tofolojinka? Ai ba a fara gini daga rufi." Aka kwashe da dariya, yaron ya koma ya zauna. Madalla da wannan zurfin ilimi! Sai dai, ranka ya daɗe, tofolojin, wato ilimin halayen siffa da ba sa canzawa ko an ja ta an miƙe ta, shi ne rufin, harsashin kuwa shi ne abin da yaron ya zo da shi.

A shekarar 1906 Bafaranshe masanin lissafi Maurice Fréchet ya nuna cewa sharuɗɗa uku sun isa a kira abu nisa: ba ya zama sifili sai tsakanin ɗigo da kansa, nisan zuwa daidai yake da na dawowa, sannan ratse ba ya taɓa rage hanya. Duk mai keke da ya san gajeriyar hanya daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ya san cewa biyawa ta wata unguwa ba za ta gajarta masa tafiya ba. Sai a 1914 wani masanin lissafi, Felix Hausdorff, ya zo da ma'anar sararin tofoloji. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tofolojin da ake nema yana cikin aikin yaron tun shafin farko. Da zarar ka san nisa, ka san maƙwabtan kowane ɗigo, domin su ne duk ɗigon da bai kai wata tazara daga gare shi ba, kuma daga nan kusanci da iyaka da ci gaba ba yankewa suke fitowa kyauta. Amma juya abin ka gani. A idon tofoloji faifai da tabarma abu ɗaya ne, tun da ana iya jan ɗaya a miƙe shi ya koma ɗayan. Ilimin da bai bambanta da'ira da murabba'i ba, ta yaya zai zama sharaɗin gina jometiri?

Nisa kuwa yana faɗar komai. Masanin lissafi Karl Menger ya nuna a 1928 cewa ɗigo yana tsakanin wasu biyu ne idan nisansa zuwa na farko da nisansa zuwa na biyu suka haɗu suka ba da nisan da ke tsakaninsu, kuma da wannan ake samo miƙaƙƙen layi ba tare da an zana shi ba. Tun kafin shi da ƙarnuka Heron na Iskandariyya ya fitar da faɗin alwatika daga tsawon gefunanta kawai: gefuna 13, 14 da 15 suna ba da 84, babu kusurwar da aka auna. Har lanƙwasar sarari wani masanin lissafi, Alexandrov, ya gano ta ta hanyar kwatanta alwatika da takwararta ta shimfiɗaɗɗen fili, a ga ko ta fi ta ƙiba ko ta fi ta rama. Wayar da ke aljihun mai tambayar ma da nisanta daga taurarin ɗan'adam huɗu take sanin inda yake.

Na san za a ce akwai sararin da ba ya karɓar awon nisa. Akwai, kuma masu shi su riƙe kayansu, ba a kansa yaron ya yi aiki ba.

Gaskiya tausayinsa na ji, domin da ya san cewa yana kan hanyar manya da bai sunkuyar da kai ba.

Da yamma na tsaya wani fili a Tudun Wada inda ake fitar da harsashi, na ga magini ya kafa fegi uku, ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, ya dinga matsar da fegi har tsakaninsu ya cika ƙafa 5, wato kusurwarsa ta fito daidai da awon nisa kaɗai, sannan ya ce a fara haƙa. Ya ce mini igiyar roba tana miƙewa idan rana ta yi zafi, shi ya sa ya fi yarda da tef na ƙarfe.