Kafin a yi gardamar juyin halitta, a san abin da masana suka faɗa

A makarantun sakandaren Kaduna, da an zo darasin juyin halitta sai a ji ɗalibi ya ce: "Malam, in daga biri mutum ya fito, me ya sa har yau akwai birai?" Masana ba su faɗi haka ba. Cewa suka yi mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka ɗaya da ya rayu shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan zuriyar ta rabu biyu. Ɗalibi na da damar ya ƙi yarda, amma wajibi ne malami ya gaya masa maganar yadda take, tunda WAEC da NECO za su tambaye shi.

Ana kuma cewa ba a taɓa tono ƙasusuwan halittar da ke tsaka-tsaki ba. An tono. Lucy, sunan da aka ba kwarangwal ɗin wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, wadda aka samu a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, ta kai shekara miliyan 3.2, kuma an tsinci kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasusuwanta. Ƙugunta gajere ne mai faɗi, ƙashin cinyarta ya karkato ciki wajen gwiwa, alamar mai tafiya da ƙafa biyu. Amma ƙwaƙwalwar jinsinta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tamu ba. Wannan gaurayen siffofi shi ake nufi da tsaka-tsaki. A Chadi ma an samu ƙoƙon kan wata irin wannan halitta da aka laƙaba wa suna Toumaï a 2001, kodayake masana na jayayya kan yadda yake tafiya.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne na auna shekaru, wato zaton cewa da gwajin kabon-14 aka auna shekarun ƙasusuwa irin na Lucy. Gwajin kabon-14, wanda ke auna ragowar wani sinadari a jikin abin da ya taɓa rayuwa, ba ya aiki bayan shekara kusan 50,000, domin rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730, har ya zama babu abin aunawa. Ya dace da gawayin da ake tonowa a wuraren tarihi na Nok da ke kudancin jihar nan, bai dace da Lucy ba. Ita, tokar dutse mai aman wuta da ke ƙasan inda ta kwanta aka auna, ta hanyar sinadarin agon da ya taru a cikinta.

Zamba kuwa ta taɓa faruwa a harkar tono ƙasusuwan. A Ingila a 1912 an haɗa ƙoƙon kan mutum da muƙamuƙin biri, aka goge haƙoran, aka kira shi mutumin Piltdown. Masana ne da kansu suka tona asirin a 1953, kuma tun lokacin ba a lissafa shi cikin hujjoji.