Idan ruwa ya taso cikin dare, wa zai gaya wa mutanen unguwa?

Shafin Facebook na ƙaramar hukumar da nake zaune a ƙarƙashinta a nan Ingila ba shi da wani armashi. Yau a ce an sauya ranar kwashe shara saboda hutu, gobe a ce za a rufe titi kaza daga takwas na dare zuwa shida na safe don gyara, jibi a ce makarantu kaza ba za su buɗe ba saboda ƙanƙara. Da wuya ka ga fuskar wani shugaba. Amma wannan magana ta yau da gobe ita ce ta sa duk ranar da iska mai ƙarfi ta taso ko kogi ya yi ambaliya, mutane sun san inda za su leƙa, kuma abin da suka gani a can sukan yarda da shi.

Ba kirkinsu ne kawai ya kawo haka ba. Tun 2004 akwai doka a Birtaniya da ta wajabta wa ƙananan hukumomi, tare da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya, su gargaɗi jama'a kuma su riƙa sanar da su halin da ake ciki idan masifa ta auku. A watan Fabrairun 2024 an gano wani bam da ya rage tun yaƙin duniya na biyu a bayan wani gida a unguwar Keyham ta birnin Plymouth. Sojoji suka yanke shawarar ɗauke shi a mota su kai shi teku a tarwatsa shi a can. Sanarwar da aka yi ta faɗi hanyar da motar za ta bi, ta ce duk wanda gidansa ke cikin mita 300 daga hanyar ya fita, ta faɗi lokacin fita da wurin da aka tanada wa wanda ba shi da inda zai je. An sa a shafukan hukumar birnin, an kuma tura gargaɗi kai tsaye cikin wayoyin mutanen yankin, irin wanda ke sa waya ta yi ƙara ko da an kashe mata sauti. Dubban mutane suka fita, aka gama aiki, aka sanar da su cewa su koma gida.

Mu a Najeriya muna da ƙananan hukumomi 774. Duk wanda ke bibiyar shafukansu ya san abin da ya cika su: ciyaman ya kai ziyarar ta'aziyya, ciyaman ya taya gwamna murna, ciyaman ya raba kayan tallafi, ga hotuna ashirin. Da yawa ma shafin da sunan ciyaman aka buɗe shi, lambobin sirrin shiga suna hannun mai taimaka masa kan yaɗa labarai, ranar da wa'adinsu ya ƙare shafin ya mutu tare da mabiyansa. Ta yaya uwa mai 'ya'ya biyar, da ruwa ya fara shigo mata ɗaki ƙarfe biyu na dare, za ta tuna da irin wannan shafi? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ilimin aka rasa ba. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da rahoton wuraren da ake fargabar ambaliya, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomi. Ana taro a Abuja, a karanta da Turanci, jaridu su buga. Tsakanin wannan takarda da kunnen mutumin da gidansa ke bakin rafi akwai tazarar da ƙaramar hukuma ce ya kamata ta cike, kuma nan ne igiyar take tsinkewa. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da ambaliyar Mokwa, inda fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mu da ke nesa, a irin waɗannan ranaku, abin da ke fara riskarmu bidiyon wani bawan Allah ne da ruwa ya kai masa ƙugu yana salati, sai saƙonnin murya da ba a san asalinsu ba, wannan ya ce gada ta karye, wancan ya ce ƙarya ne. Ka yi ta kiran gida waya ba ta shiga, kuma babu wuri ɗaya da za ka duba ka ce wannan daga hukuma yake.

Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke magana. Waɗanda suka yi wayo a 2014 za su tuna daren da saƙo ya zagaye ƙasa cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na hana kamuwa da Ebola. Mutane suka tashi 'ya'yansu daga barci suka yi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rai.

Kada wani ya ɗauka cewa kayan aiki na zamani kaɗai ke magance wannan. Ranar 29 ga Oktoban 2024 a yankin Balensiya na Sifaniya, hukumar yanayi ta ba da gargaɗi mafi tsanani tun da safe, amma saƙon da ya kamata gwamnatin yankin ta tura cikin wayoyin jama'a bai fita ba sai bayan takwas na dare, lokacin da ruwa ya riga ya ci motoci da gidaje. Fiye da mutum 220 suka mutu a ƙasar da ke da duk na'urar da ake buƙata. A Jamus ma, ambaliyar Yulin 2021 ta kashe fiye da mutum 180, aka daɗe ana tuhumar jinkirin gargaɗi a kwarin kogin Ahr. A duka biyun tambayar ɗaya ce: wa ke da ikon cewa a sanar yanzu, ba tare da jiran wani babba ya ɗaga waya ba? A ƙananan hukumominmu, ma'aikacin da ya ga ruwa yana hawa zai ji tsoron fitar da sanarwa kafin ciyaman ya sa baki, ciyaman kuma yana iya kasancewa a babban birnin jiha.

Akwai kuma abin da muka fi su, kuma ina faɗinsa da gaske. A nan tsoho zai iya shekara bai yi magana da maƙwabcinsa ba, idan bai ga saƙon waya ba shi ke nan sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mu muna da dagaci da mai unguwa, muna da lasifikar masallaci, muna da rediyo da har yanzu ake saurare a gona da kasuwa, muna da zaurukan WhatsApp na kowace unguwa da kowane dangi. Magana ɗaya tana iya zagaye gari cikin minti goma. Abin da ya rage shi ne a samu ingantacciyar magana daga tushe da za a zuba a wannan hanya. Saƙon murya na minti ɗaya, da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci ko Nupanci, wanda zai fara da sunan hukuma da kwanan wata da ƙarfe nawa, domin Facebook na iya nuna maka sanarwar shekaranjiya kamar ta yanzu. Ya faɗi unguwannin da abin ya shafa da sunansu, ya ce a nufi makaranta kaza, kada a bi gada kaza, kuma za a sake magana nan da awa ɗaya ko da babu sabon labari.

Ba zai yiwu a dogara da kafa ɗaya ba. An dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Ruwa da kansa yakan kashe wutar lantarki da turakun sadarwa. Don haka lambobin masu unguwanni da limamai da gidajen rediyo su kasance a rubuce a ofis tun kafin damina.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ana ta muhawara kan hanyoyi da rijiyoyin burtsatse, kuma sun cancanci a yi. Ni dai roƙona ga 'yan'uwa da ke gida shi ne, idan ɗan takarar ciyaman ko kansila ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi ko zai buɗe shafi da sunan ƙaramar hukuma wanda zai ci gaba bayan ya sauka, kuma wane ma'aikaci zai ba izinin fitar da gargaɗi cikin dare ba tare da ya jira shi ba.