Halowin a Amurka: Alawa na nan, yaran ne suka daina ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta

Duk ranar 31 ga watan Oktoba, da magariba ta gabato, yara a Amurka da Kanada kan yi shigar dodanni da mayu da jaruman finafinai, su rataya 'yar jaka ko bokiti mai siffar kabewa, su bi unguwa gida-gida. Mai gidan da ke maraba da su sai ya kunna fitilar bakin ƙofa, wanda ba ya so kuma ya bar ta a kashe. In an buɗe, sai yaran su ce a ba su alawa ko su yi ƙeta, a zuba musu, su yi gaba. Shi ke nan al'adar. To amma 'yan shekarun nan, da an wayi gari 1 ga Nuwamba sai ka ji magidanta, musamman dattawa, suna ƙorafin sun sayi alawa jaka guda, sun zauna jira har dare, yara ƙalilan ne suka leƙo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa al'adar ta kama hanyar mutuwa.

Ni ban yarda ta mutu ba. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka masu sayar da kaya ɗaiɗai, wato NRF, ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa sun kashe kusan dala biliyan 12.2 a kan bikin Halowin, kuma sama da biliyan 3 daga ciki a alawa kaɗai suka tafi. Al'adar da ke shirin shiga kabari ba a kashe mata irin wannan kuɗi. Abin da ya faru shi ne ta yi ƙaura. Ta bar bakin ƙofar maƙwabci ta koma wasu wurare, kuma a ganina abin da ta bari a baya ya fi abin da ta ɗauka muhimmanci.

Yawon neman alawar ma bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Tushensa yana Ailan da Sikotlan, inda yara da talakawa ke ɓad da kama su bi gidaje a daren jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, su yi waƙa ko addu'a a ba su abin taɓawa. 'Yan ci-rani ne suka tsallaka da bikin zuwa Amurka a ƙarni na 19. Amma salon da aka sani yau sai a shekarun 1920 da 1930 ya fara bayyana, kuma yaƙin duniya na biyu ya taka masa birki saboda gwamnati ta riƙa auna wa mutane sukari daga 1942 har zuwa 1947. Bayan yaƙin ne abin ya bunƙasa, lokacin da aka gina sababbin unguwanni a bayan birane, matasan ma'aurata suka cika su, kusan kowane gida da yara uku ko huɗu. Ke nan abin da dattawan yau ke kewa ɗan wani zamani ne na musamman, zamanin da layi ɗaya kan tara yara fiye da a ƙirga.

Wannan zamanin ya wuce. A 2007 an haifi jarirai kusan miliyan 4.3 a Amurka, a 2023 kuwa adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 3.6. Waɗanda suka sayi gidaje shekaru talatin da suka wuce suna nan cikin gidajensu, 'ya'yansu sun girma sun watse, matasa masu ƙananan yara kuma tsadar gida ta hana su shigowa unguwar. Tsohuwar da ke zaune da kwanon alawa tana jiran yara, sau da yawa babu yaro ko ɗaya a layinsu da zai zo.

Sai kuma tsoro, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Shekara da shekaru iyaye a Amurka na gargaɗin 'ya'yansu cewa akwai mugayen da ke cusa reza a cikin tuffa ko su sa guba a alawa. Labarin ya samu gindin zama ne a 1974, lokacin da wani yaro ɗan shekara takwas ya mutu a jihar Teksas bayan ya sha alawa mai guba a daren Halowin. Bincike ya gano mahaifinsa ne ya sa gubar don ya karɓi kuɗin inshora, kuma an zartar masa da hukuncin kisa a 1984. A 1982 kuma, 'yan makonni kafin bikin, mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya sa wa guba. Wannan ba shi da alaƙa da alawa, amma ya firgita ƙasar baki ɗaya. Masanin zamantakewa Joel Best ya bi rahotannin jaridu tun daga 1958, bai samu shaidar cewa wani baƙo ya taɓa kashe yaro da alawar da ya raba a ƙofar gida ba. Duk da haka tsoron bai gushe ba, ya zama gadon da uwa ke miƙa wa 'yarta.

Haɗarin gaske kuwa yana kan titi. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta wallafa, wanda ya duba alƙaluman shekarun 1975 zuwa 2016, ya nuna cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa sakamakon bugun mota na ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a yammacin Halowin, kuma ga yara 'yan shekara huɗu zuwa takwas haɗarin na ninkawa kusan sau goma. Unguwanni da dama a Amurka an tsara su ne don mota: babu gefen hanya na masu tafiya a ƙasa, gidaje nesa da juna, fitilun titi ba yawa. Uban da ya hana ɗansa fita cikin duhu a irin wannan wuri ba wanda zai ga laifinsa.

Maganin da aka samo shi ne a tara motoci a filin ajiye motoci na coci ko makaranta, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya ƙawata shi, yara su zagaya suna karɓar alawa, galibi da rana tsaka, wani lokaci ma kwanaki kafin ranar bikin. Tun shekarun 1990 ake yin haka, kuma annobar korona ta ƙara masa kasuwa, domin a 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa bin gida-gida cikin jerin abubuwa masu haɗarin yaɗa cutar. Wasu iyayen kuma sai su loda yara a mota su nufi unguwannin masu hali, inda aka san ana ba da manyan cakulan. Shi ya sa za ka ga wani layin ya cika maƙil har masu gida na ƙorafin alawa ta ƙare musu, layin da ke bayansa kuwa shiru.

Ga mutanen karkara, inda tsakanin gida da gida tafiya ce mai nisa, taron filin mota abu ne mai ma'ana, kuma ban ga dalilin kushe shi ba. Inda nake da ja shi ne cikin gari. A filin coci, yaro ba ya haɗuwa da kowa sai waɗanda iyayensa suka riga suka sani suka kuma tantance: 'yan cocinsu, iyayen 'yan ajinsu. A bin gida-gida kuwa dole ya tsaya a ƙofar tsohon da ba ya magana da kowa, da gidan baƙin da suka tare kwanan nan, da gidan da jam'iyyarsu ta bambanta da ta babansa. Dole ya buɗe baki ya yi magana, ya yi godiya. Shi ma mai gida, a ƙasar da mutum kan shekara bai san sunan wanda suke katanga ɗaya ba, a wannan daren ne yake ganin fuskokin yaran layinsu da iyayen da ke tsaye a baya. Wanda ba shi da ɗa, ba ya zuwa coci, ba shi da kowa a makaranta, taron filin mota ya cire shi daga bikin gaba ɗaya.

Mu da muka san tashe ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Daga goma ga azumi yara kan bi gidaje da wasanninsu, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, kuma duk unguwa ta san ɗan wane ne ya fi iya barkwanci. A Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace da faɗan daba. Bambancin shi ne namu tsoron yana da masu laifi da ake kamawa, na alawa mai guba kuwa an shafe shekaru ana neman baƙon da ke kashe yara da ita ba a same shi ba.

Hukumomin wasu garuruwan Amurka ma sun taimaka wajen sanyaya gwiwar yara. Birnin Chesapeake na jihar Bajiniya ya daɗe da dokar da ta tanadi tara ko ɗauri ga duk wanda ya haura shekara 12 ya fita neman alawa, sai a 2019, bayan an yi ta yi musu dariya a faɗin ƙasar, suka cire ɗaurin suka ɗaga shekarun zuwa 14. Ga shi kuwa manyan yaran nan su ne ke riƙe hannun ƙannensu a kan hanya.

Tunda an san mota ce ke kashe yara a wannan dare, abin da ya dace a taɓa ita ce motar. Akwai unguwannin da ke neman izinin hukuma su rufe layukansu na sa'o'i biyu ko uku a yammacin 31 ga Oktoba, babu abin hawan da zai shiga, kuma irin waɗannan layuka ne ke cika da jama'a. Kuɗin da wannan ke ci bai wuce na 'yan shingaye da ma'aikacin da zai tsaya a bakin layi ba.