Bindigar Kawu da ruwan zafi

Kawuna ɗan bindiga ne, cikin masu tayar da tsuntsaye da gigita dawakai a hawan salla. Da aka gama hawan bana sai ya jingine adakarsa a zaurena ya ce zai je gaisuwar mutuwa ƙauye, in goge masa ita kafin ya dawo, tunda ni ɗan boko ne mai waya a hannu. Na ce Kawu ka ɗauka an gama.

Daren nan na shiga intanet, na tarar Turawa na ta musu a kan man wanke bindiga. Wasu sun rantse da Hoppe's No. 9, wanda ake sayarwa a Amurka tun 1903. Wasu sun ce ina, sai Ballistol, man da aka haɗa wa sojojin Jamus a 1904. Ga masu cewa sai mai sinadarin amoniya, don shi ke cin jan ƙarfen da harsashi ke gogawa a cikin bututu. Na karanta har idona ya yi ja, ban tsaya na tambayi kaina ba ko bindigar Kawu ta taɓa ganin harsashin zamani. Albarushi da tsumma kawai take ci.

Da safe na nufi kasuwa. Mai kayan gyaran mota ya sa na maimaita sunayen, ya ce bai san su ba, amma ga yayansu, ya miƙo mini gwangwanin WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa. Makanikin layinmu kuma ya ce in bar wahalar da kaina, ƙarfe dai ƙarfe ne, baƙin mai ke maganinsa, har ya tsiyayo mini kyauta a robar ruwa. Wani tsoho da ke alwala a gefe ya ce su a zamaninsu man gyaɗa suke sawa. Da yake ba na son raina shawarar kowa, duka ukun na ɗauka.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye ni. Na fesa, na tsiyaya baƙin mai, na bi da man gyaɗar uwargida cokali guda don albarka. Sai tsumma. Na ga wani ƙyallen atamfa a kan keken ɗinkinta, ga alama ragowa ne, na yage shi, na naɗa a sandar ɗura na tura.

Shiga dai ta shiga lafiya. Fitowa ce ta gagara. Ashe tokar albarushi in ta haɗu da man inji dunƙulewa take yi ta zama kamar kwalta. Na ja, na murɗa, na taka ƙotar da ƙafa. Babban ɗana ya riƙe bindiga, ni na riƙe sanda, ƙannensa na ba mu ƙwarin gwiwa. Sanda ta fito, ni na tafi da baya cikin kwandon tattasai, atamfa kuwa ta zauna abinta a ciki.

A haka Kawu ya yi sallama. Bai ce komai ba. Ya fara korar yaran gefe, ya juya bakin bindigar ga katanga, ya zura sanda ya auna zurfinta don ya tabbatar babu ɗuri a ciki, abin da ni ko a mafarki bai zo mini ba. Sannan ya shinshina bakin bututun.

"Ɗana, miya ka yi mata?"

Ya lanƙwasa waya ya ƙwaƙulo ƙyallen da ƙyar, ya raba bututun da ƙotar, ya ce a ɗora ruwa a wuta, a kawo sabulu. Na ce Kawu, ruwa a ƙarfe? Ya ce gishirin da albarushi ke bari shi ke jawo danshi ya haifar da tsatsa, kuma ruwa ne ke narkar da shi, mai sai dai ya lulluɓe shi. Ya tsoma gindin bututun a bokiti yana tura tsumma sama da ƙasa, ruwa na fita baƙi ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai na kibiritu ya cika gidan har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko masai ne ya fashe. Da ruwan ya fara fita fari ya ɗauraye da tafasasshe, zafin ƙarfen ya busar da shi, ya bi da busasshen tsumma. Man gyaɗa kuwa, in ji shi, in ya kwana biyu daskarewa yake yi ya yi danƙo, ga kiran tururuwa.

"Yanzu sai mai ɗan kaɗan, marar kauri. Akwai man keke a gidan nan?"

Uwargida ta kawo 'yar kwalbar man keken ɗinkinta da ladabi, har da durƙusawa. Ya ɗiga kaɗan a tsumma ya shafe ciki da waje. A nan idonta ya sauka kan baƙin ƙyallen da ke yashe a ƙasa. Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta juya shi.

"Malam, wannan ba hannun rigar amaryar da za a karɓa gobe ba ne?"

Kawu ya saɓa bindigarsa, ya ce ana jiransa a masallaci, alhali ko azahar ba ta yi ba.