Ana nuno su a titi, ba a ba su kujera

Duk lokacin da aka fara kaɗa gangar yaƙi, ku lura da waɗanda manyan gidajen talabijin ke gayyata: janar mai ritaya, tsohon jami'in leƙen asiri, kakakin gwamnati. Abin da ake tambayarsu shi ne yaushe za a fara, da waɗanne jirage. Shi kuwa mai cewa kada ma a fara, daga nesa ake nuno shi, riƙe da kwali a bakin titi, kafin ka karanta abin da ya rubuta an wuce.

An ma taɓa ƙirgawa. A makonni biyun da ke kewaye da ranar da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya, ran 5 ga Fabrairun 2003, yana cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, ƙungiyar FAIR mai sa ido kan kafafen yaɗa labarai ta bi labaran yamma na gidajen talabijin ɗin Amurka ABC da CBS da NBC da PBS. Cikin muryoyi 393 da aka sa, 3 kacal ne daga ƙungiyoyin da ke adawa da yaƙin da Amurka ke shirin kai wa Iraƙi. Bayan jawabin da kwana goma, miliyoyin mutane suka cika titunan Landan da Rum da Madrid. Ashe masu adawar suna nan, gayyatarsu ce ba a yi.

A watan ne kuma tashar talabijin ta MSNBC ta soke shirin Phil Donahue, alhali ya fi kowane shirin gidan masu kallo. Laifinsa yawan kawo masu sukar yaƙin. Su kuwa janar-janar ɗin da aka cika fuskar talabijin da su, sai a 2008 David Barstow na jaridar New York Times ya tono cewa Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, ke tara da yawansu tana shirya musu abin faɗa, wasunsu kuma suna da hulɗa da kamfanonin da ke cin kwangilar soja. Wanda abincinsa ke cikin yaƙi, shi ake kira masani.

Na san wani zai ce ai gara hakan da Rasha, inda dokar Maris ɗin 2022 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya kan sojoji. Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne. Amma a can mai kallo ya san an rufe bakuna. A inda ba a kama kowa ba, sai ya ɗauka ya ji kowane ɓangare, kuma wannan ne ya fi damuna.

Makaman dai ba a same su ba. A Mayun 2004 New York Times ta amsa cewa ta yi sakaci a rahotanninta. Labaran makaman a shafin farko aka buga su, amsa laifin kuwa a shafin ciki, bayan an fi shekara ana binne 'yan Iraƙi.