In'ina Ba Laifin Yaro Ba Ce

Assalamu alaikum, iyaye da malaman allo na Sakkwato.

Mu ji tsoron Allah a kan yaran da harshensu ke sarƙewa. Annabi Musa (AS) ya roƙi Ubangijinsa a Suratu Ɗaha ya warware masa ƙullin harshensa don a gane maganarsa, kuma wanda ya yi masa gori da wannan shi ne Fir'auna, a Suratuz Zukhruf aya ta 52. Mai kwaikwayon mai in'ina don a yi dariya ya duba wa ya yi gado.

In'ina kan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da magana ke buɗe wa yaro. Kusan yaro 5 cikin 100 kan yi ta, galibinsu ta wuce da kanta, ta bi kusan mutum 1 cikin 100 har girma, maza sun fi yawa. Tushenta na cikin yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita numfashi, murya da leɓe a lokaci guda, kuma tana bin jini. Harshen lafiyarsa lau, don haka kai yaro wajen wanzami a yanke ƙarƙashin harshe zubar da jini ne kawai. Tsoro bai haifar da ita, amma yana rura ta: yaron da ya ga bulala sai maƙogwaronsa ya ƙulle, ya riƙa ƙifta ido yana yaƙi da kalma, daga baya ya daina magana cikin mutane.

Uwa, kada ki ce masa "natsu" ko "sake faɗi", kada ki ƙarasa masa kalma. Ke ki sassauta taki maganar, ki dakata daƙiƙa biyu kafin ki amsa, ki rage jero tambayoyi, ki ware masa minti 5 kullum ku biyu kaɗai. Malam, in'ina na raguwa sosai idan ana karatu murya ɗaya, to ka biya tare da shi kafin ka sake shi. Ka tuna masa hadisin Nana A'isha (RA) cewa mai karatun Alƙur'ani yana sarƙewa, yana shan wahala, lada biyu gare shi.

Babba mai in'ina kuwa ya saki ɗan numfashi kafin harafin farko, ya haɗa leɓɓansa a hankali ba da matsi ba. Gudun kalma da gudun waya sauƙin yau ne, gobe tsoron ya ninka.

Idan in'inar yaro ta haura wata 6, ko akwai ta a dangi, ko yaro ya fara ƙin magana, a je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nemi masanin gyaran magana. Babban da ta same shi kwatsam, a kai shi a ranar, don shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a kai na iya jawo ta.