Ga ƙannena masu son karatun likita a Saudiyya: ina lokacinku yake tafiya?

Assalamu alaikum. Wannan magana taku ce, ku ƙannena maza da mata da ke aji biyu da aji uku na sanawiyya, wato babbar sakandare, a Makka da Jidda da Madina, waɗanda idan aka tambaye ku me kuke son zama, kafin a rufe baki kun ce likita. Allah Ya cika buri. Amma ina so kowa ya ɗauko biro da takarda mu yi ɗan lissafi tukuna, domin na lura da yawanku suna shan wahala ƙwarai, sai dai ba inda maki yake suke zuba wahalar ba.

Kun san a ƙasar nan babu wata jarrabawa guda ɗaya da ake kira ta shiga likitanci. Abu uku ake haɗawa: makin sanawiyya, da Ƙudurat (jarrabawar gwada basira a lissafi da harshe), da Tahsili (jarrabawar darussan kimiyya da aka karanta a sanawiyya), waɗannan biyun na ƙarshe kuwa cibiyar jarrabawa ta ƙasa mai suna Ƙiyas ce ke shirya su. Kowace jami'a da ma'auninta, amma rabon da aka fi sani shi ne kashi 30 na makaranta, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. To, mu ɗauki yara biyu a misali. Na farko ya kashe kansa a kan makaranta ya fito da 99, amma Ƙudurat 80, Tahsili 78. Idan ka buga, ya tashi da 84.9. Na biyu makarantarsa 95 ce kawai, Ƙudurat 90, Tahsili 92, ya tashi da 92.3. Na farkon shi ne ake yi wa walima a gida ranar da sakamakon makaranta ya fito, na biyun kuma shi ne ke da ƙafar shiga layi. Kusan duk mai neman likitanci makinsa na makaranta a sama yake, saboda haka ba a nan ake tsere ba. Ban ce ku yi wasa da makaranta ba. Cewa na yi, wanda ya ba aikin gida na makaranta da ƙawata littafin rubutu awa huɗu, ya bar wa Tahsili ragowar gajiyarsa, bai san inda kasuwarsa take ci ba.

Sannan ku duba cikin Tahsilin kansa. Ilimin halittu ne da kemistiri da fiziks da lissafi, kuma ba daga littafin bana kaɗai ake ɗebo tambayoyin ba. Wajen kashi 20 daga aji ɗaya suke, 30 daga aji biyu, 50 daga aji uku. Wato rabin jarrabawar yana cikin littattafan da wasunku suka ba ƙannensu, ko suka cusa a kwali a saman soro tun ranar da aka yi hutu. Ku je ku sauko da su yau. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma karatun shekara biyu ba ya komawa kai a sati biyu, komai kaifin ƙwaƙwalwar mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke ƙirga karatu da awa. Sai yaro ya ce maka yau ya yi awa shida. Ka je ka ga awa shidan. Yana kwance rub da ciki a kan kafet, littafi a buɗe, alƙalami mai ruwan ɗorawa a hannu yana ja wa layi fenti har shafin ya koma kamar an zuba kurkum, waya a gefen gwiwarsa, wani malami yana bayani a YouTube, saƙo na shigowa yana leƙawa. Duk abin da malamin ya faɗa sai ya gyaɗa kai, don ya gane. Ka rufe littafin ka ce ya zana maka matakan rabuwar ƙwayar halitta, ko ya rubuta dokokin Newton uku da misalinsu, sai ka ji "wallahi yanzun nan na karanta shi". Gaskiya ya faɗa, ya karanta. Amma gane abu yana gabanka daban, fito da shi daga kanka babu littafi daban, kuma na biyun ne kaɗai ake tambaya a ɗakin jarrabawa.

Mu da muka tashi a gidajen da ake hadda bai kamata a koya mana wannan ba. Wane mahaddaci ne yake tabbatar da haddarsa da kallon Mushafi? Rufewa yake yi ya kawo da ka, malam na saurare, inda ya kakare a nan aikinsa yake. Kuma ba ya barin izun baya don ya shiga sabo, kullum da rabon tilawa. Haka za ku yi wa kemistiri da fiziks. Tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awannin farko da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe tana rage mata ƙarfi. Don haka babin da ka karanta yau, gobe ka ba shi minti goma littafi a rufe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan sati. Zama na minti 40 ko 50 wanda waya take wani ɗaki, ka tashi ka miƙe ƙafa ka dawo, uku irinsa a rana sun fi waccan awa shida ta kwance.

Sai batun tajmi'at, tarin tambayoyin baya da kuke tura wa juna a Telegram da WhatsApp. Suna da amfani, ban hana ba. Illar ita ce wanda ya mayar da su hadda: ya ga tambaya, ya tuna amsa ta uku ce, ya wuce. Ranar da aka canza lamba ɗaya ko aka juya jimlar, shi ke nan an bar shi a tasha. Kuma ɗalibai ne ke rubuto su da ka bayan sun fito, akan sami amsar da ba daidai ba a ciki. Yadda za ka ci moriyarsu shi ne ka ɗauki tambaya 25, ka sa agogo minti 25, babu kalkuleta tunda ba a shiga da ita, ka amsa kamar kana can. Idan ka gama, ka buɗe wani littafi na musamman don kurakurai. Kowace tambaya da ka faɗi, ka rubuta dalili a gabanta: ban san dokar ba, ko na sani na manta, ko gaggawa ce ta sa ban ga "ban da" a cikin tambayar ba, ko lokaci ne ya ƙure. Bayan sati biyu wannan littafin zai faɗa maka abin da babu malamin da zai faɗa maka. Idan ka ga rabin kurakuranka a lantarki suke, to jadawalin sati mai zuwa ya rubuta kansa. Mutum yana son komawa ga darasin da ya iya saboda daɗin jin ya iya, mai son ilimin halittu sai ya yi ta nanata shi yana gudun fiziks. Maki kuwa yana ɓoye ne a inda ranka ba ya so. Ku kuma tuna, makin Ƙiyas ba adadin amsoshin da ka ci ba ne kai tsaye, ana auna ka ne da sauran waɗanda suka zauna.

Yanzu dare. Kowa ya san halin Hijaz, yankinmu na Makka da Jidda da Madina, gari ba ya farkawa sai bayan Isha, shaguna a buɗe, hira a ƙofar gida, shayi da gahawa har ƙarfe biyu. Sai yaro ya ce shi da dare yake gane karatu. A'a, da dare ka saba zama a farke, shi ke nan. Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Gahawa ko lemon ƙara kuzari da ka sha bayan Magariba, wajen rabin sinadarinsa yana nan a jikinka bayan awa biyar. Ka kwanta ƙarfe uku, a tashe ka Asuba da ƙyar, ka je aji kana gyangyaɗi, ka dawo ka yi barci har Magariba, ka ce ba ka da lokaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Tsakanin sallar Asuba da fita makaranta akwai lokacin da gida yake tsit, babu mai aikenka, babu mai kiranka a waya. Ka ba shi darasin da ya fi yi maka wuya. Ba zai yiwu ba sai ka yarda a yi hirar dare babu kai, kuma abokan kirki za su fahimta.

Ƙudurat kuma ba a yi mata karatun dare ɗaya. Ɓangaren lissafinta sauri yake so, kullum tambaya goma ko sha biyar. Ɓangaren harshe shi ne inda yaranmu da yawa ke zubar da maki ba su sani ba. Kana jin Hausa a gida, kana zuba Larabcin Hijaz a titi kamar ruwa, sai ka ɗauka ka gama da Larabci. Amma fahimtar nassi, da cike jimla, da gano kalmar da ba ta dace da ma'ana ba, da dangantakar kalmomi, duk da fusha, wato Larabcin littafi, ake yin su. Maganinsa karanta rubutu mai nauyi, shafi biyu ko uku kullum, ka rufe ka faɗi abin da marubucin yake nufi a jimla ɗaya. Tunda an ba da damar zama fiye da sau ɗaya, ka fara tun kana aji biyu, ka sauke wannan kaya kafin Tahsili ta matso.

Na san wasunku za su ce Yaya, kana magana kamar ba ka san gidajenmu ba. Na sani. A shekarun nan azumi da shirin Hajji cikin zangon karatu suke faɗowa. Lokacin ne samari ke samun na kashewa wajen hidimar alhazai da tafinta da tsaron shago, wani ma da kuɗin ake biyan haya. Lokacin ne kuma baƙi daga gida ke sauka, daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, gida ya cika, 'yan mata su wuni a kicin daga tuwo zuwa wanke-wanke. Babu mai cewa ku ƙi iyayenku ko ku wulaƙanta baƙo. Amma ki sami Umma a natse, ba lokacin da tukunya ke kan wuta ba, ki nuna mata wancan lissafin na 30 da 30 da 40, ki roƙi awa biyu sanannu a rana waɗanda ba za a kira ki ba, ki kuma cika aikinki a sauran lokacin ba tare da an yi ta fama da ke ba. Kai ma ka yi haka da Baba. Iyaye kuma, don Allah, 'yar da kuke so a kira likita, ku raba aikin gidan da 'yan'uwanta maza na watannin nan. A ranar da abubuwa suka cakuɗe, ko minti 30 ne a yi, kada a bar ranar ta wuce fayau. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Akwai wata magana mai ɗaci da gara a ji ta da wuri. Cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Guraben tallafin da jami'o'in gwamnati ke ba mazauna galibi ba sa haɗawa da likitanci. Akwai kwalejoji masu zaman kansu irin su Batterjee da Ibn Sina a Jidda, amma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Sudan da yaranmu da yawa suka saba tafiya, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula lamarinta. Wasu na duba Masar, wasu na komawa Najeriya, inda sai an zauna JAMB da Turanci. Kowace hanya da jarrabawarta da takardunta, saboda haka ka zauna da Baba ko wani babba tun kana aji biyu, ku buɗe shafin jami'ar da kake hari, Ummul Ƙura ce ko ta Sarki Abdul'aziz ko Ɗaiba ko wata, ku karanta sharuɗɗan shekarar da idonku, kada ku dogara da "an ce".

Ko ta wace ƙofa ka shiga, da Turanci ake karantar da likitanci a jami'o'in ƙasar nan, kuma a wasunsu sai ka yi shekarar share fage a fannin lafiya, makinka na wannan shekarar ne zai raba wa zai tafi likitanci, wa zai tafi haƙori ko haɗa magunguna. Don haka a jadawalin da za ka rubuta yau, ka bar wa Turanci minti 20 kullum, ko da sunayen gaɓoɓin jiki ne da kalmomin da ke cikin babin ilimin halittun da ka karanta da safe.